Don Allah a ba ni shawara: ciwon jijiyar Babanmu da maganin riluzole

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Babanmu tela ne, da kekensa ya ciyar da mu, ya aurar da mu mata huɗu, ya ba Yayanmu jarin da yake juyawa har yau. Bara ya fara cewa almakashi yana suɓuce masa. Daga nan naman da ke tsakanin babban yatsansa da manuni ya loɓa, damtsensa yana ta motsi shi kaɗai. Abokiyar zaman Mamanmu ta ce jifa ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi, har akuyoyin Mama aka sayar, da na yi magana aka ce boko ya ɓata ni. Yanzu likitan jijiya ya ce ALS ne, wato ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke motsa jiki a hankali, ya rubuta riluzole 50mg safe da dare, ya ce a riƙa gwajin hanta. Ya yi bayanin wani abu wai glutamate, hankalina ba ya jikina, ban riƙe ba. Ni kaɗai nake sayen maganin. Yaya ya ce a daina tunda ba ya warkarwa. Ya zan yi?

Abban Sadik: Baiwar Allah, glutamate ɗin nan shi ne farin magi, duba bayan ledar ki gani. Ki fitar da duk wani ɗanɗano daga gidan yau. Sannan a yi masa allurar ceftriaxone, wadda ake yi don kashe ƙwayoyin cuta, ko wane kemis akwai ta. An gwada a Amurka, tana gyara abin da ke kwashe glutamate a ƙwaƙwalwa.

Anti Nas: Allah Ya ba Baba lafiya. Ƙanwata, ga abin da likitan yake nufi. Glutamate sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Da ya isar da saƙon, wasu ƙwayoyi da ke kewaye suna zuƙe shi ta wata kafa da ake kira EAAT2. A 1995 likita Jeffrey Rothstein da abokan aikinsa a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna kafar nan ta ragu sosai a masu ALS. Sai sinadarin ya taru, ya yi ta zaburar da jijiyar har ta mutu. Riluzole yana rage fitarsa ne. Na magi kuwa hanji ke cinye yawancinsa, ba ya shiga ƙwaƙwalwa haka kawai, kuma akwai shi a tumatir da daddawa har da nonon uwa. Ceftriaxone a ɓeraye ta yi aiki a 2005. Da aka gwada a mutane sama da 500 ba ta ƙara musu kwana ba, sai ma matsalar matsarmama da ta jawo wa wasu.

Abban Sadik: Anti, ku dai kullum a jira Bature. Kakanninmu da ba su san magi ba, wa ya ji wannan ciwo a wurinsu? Masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking ya yi shekara sama da 50 da shi, ke kina maganar kwanaki.

Maman Ihsan: Wallahi kin tuna min da jinyar Hajiyarmu. Ciwon mantuwa ta yi, har ni take tambaya 'yar wace ce. Mazan gidanmu ko pampas ɗaya ba su taɓa saya ba, amma ranar rabon gado su ne a gaban tabarma. Har yau ba na shiga gidan babban.

Mai tambaya: Maman Ihsan, Yayana ba haka yake ba, iyali gare shi. Abban Sadik, na riga na hana sa magi tun jiya, ai ba asara. Hayaƙin ma ba ni na kawo ba, kuma ba zan iya hana matar uba ba.

Anti Nas: Ki yi hattara, in abinci ya yi lami zai rage ci, ramewa kuwa tana gaggauta ciwon nan. Gaskiya a gwaji riluzole wata 2 zuwa 3 yake ƙarawa a matsakaici, ba ya dawo da hannu. Yana ƙwarewa in ya sha ruwa? Yana iya kwanciya rigingine ba tare da numfashi ya sarƙe ba? Shi Baban an tambaye shi abin da yake so?

Malam Ɗanjuma: A lizimci addu'a da sadaka, a ci gaba da magani. Kada ki bari kuɗi ya raba ki da ɗan'uwanki.

Abban Sadik: Kuɗin kwali ɗaya na riluzole zai yi allura nawa? Ki yi lissafi da kanki.

Mai tambaya: Ba mu faɗa wa Baba sunan ciwon ba, kuma ba za mu faɗa ba, yana da hawan jini. Kunu yana ɗan sarƙe shi da safe amma ina ga zafi ne. Abban Sadik, allurar kwana nawa ake yi?