Neman kalma kafin gobe: me za a kira "restoration" na tsofaffin unguwanni?

'Yar Rafindadi:
Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo kan tsofaffin unguwannin cikin birnin Katsina, irin su Masanawa, Yarinci da kewayen Gobarau. Takardar da zan fassara ta bambanta "restoration" da "renovation" da "conservation". Idan na ce "gyara" a duka ukun, zancen ya mutu. Ku taimaka kafin isha'i.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na biyun mai sauƙi ne, Hajiya: kwaskwarima. Na farkon kuwa sabuntawa ko farfaɗowa.

Tsohon Magini:
Ɗana, cire sabuntawa. Duk wanda ya ji an ce za a sabunta mashi soro, abin da zai gani a ransa shi ne a rushe a ɗora bulo da kwano. Aikin da ake nufi daban ne. Ana fara duba gindin bango, domin nan ruwa ke ci. A kankare ruɓaɓɓen yaɓe har a kai ga tubali mai lafiya, a yayyafa ruwa, a cike da birjin da aka cuɗa da ciyawa aka bar shi ya kwana biyu ya tsima. Ba a cikewa gaba ɗaya. Sai sahun farko ya sha iska a ƙara na biyu, in ba haka ba ya tsage. Azarar da ta karye ita kaɗai ake zarewa, a sa ta namijin giginya, wadda gara ba ta cika damu ba. Azara kuma ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce ƙafa shida ita kaɗai, shi ya sa manyan zauruka ke da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi. Daga nan a shafa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, a jikin bango, a shafa laso a kan rufi, shi kuwa haɗinsa: katsi daga marina, gashin akuya daga majema, da ruwan dafara. Kun ga babu sabon abu a nan. Tsohon ne ake komar da shi yadda yake.

Mai Nahawu:
Baba ya ba mu ma'anar, saura suna. Ina ba da shawarar "asaltawa". Sabo ya ba mu sabunta, daidai ya ba mu daidaita, to asali ya ba mu asalta. An asalta zauren, ana asaltawa, asaltaccen gini, ma'asalci. Kalma ɗaya, tana ɗaukar kowace irin ƙira.

Bahaushen Kusugu:
Allah ya gafarta Malam, asali ai Larabci ne. An ce a nemo kalmar Hausa, kai kuma ka ari tushe daga wani gida ka ɗaura mashi wutsiya. Mu a Daura ba mu san asalta ba.

Mai Nahawu:
To ka canza sunan Unguwar Alƙali, alƙali ma Larabci ne. Ita kanta hasumiya da muke cewa Hasumiyar Gobarau daga Larabci ta zo. Kalmar da ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin mutane ta zama 'yar gida.

Bahaushen Kusugu:
Ba shigowarta ce ta dame ni ba. Ku 'yan jami'a kullum ƙera kalma kuke a ofis, sannan ku ce daidaitacciyar Hausa ce, alhali Kananci ne aka sa wa rawani. Wa ya taɓa tambayar magina me suke cewa?

Ɗan Ƙofar Soro:
Yanzu kuma mun koma Daura da Kano? Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da ƙasa aka gina ta, tana nan tsaye, gidan tarihi ce yau. In hujjar alfahari ce, mu Katsinawa mun fi kowa, amma Hajiya ba wannan ta tambaya ba.

Malamar Zanen Gini:
Ku bar ni in raba muku abu biyu da kuka cakuɗa. Gini guda daban, unguwa daban. Abin da ke kashe gidajen cikin birni sau da yawa daga waje yake zuwa. Ana zuba kwalta ko daɓen siminti a lungu, hanya ta fi daɓen zaure tudu, ruwan indararo ya dawo ya kwanta a gindin bango. Mai gida ya ga bango na zuba, sai ya shafe shi da siminti. Siminti ba ya barin danshi ya fita, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta saki, bayan 'yan damuna shafen ya ɓalle falle guda da rabin tubalin. Saboda haka aikin unguwa da kwata ake fara shi: a saukar da hanya ƙasa da dokin ƙofa, a karkata ta ruwa ya gudu, a gyara bakin indararo ya zubar nesa da bango, sannan a taɓa gidajen. Wannan mataki ba asaltawa ba ne. Ni "tada komaɗa" zan kira shi, kamar yadda ake yi wa kwanon da ya lotsa, ba a narka shi, bugo shi ake daga ciki.

Tsohon Magini:
'Yata ta faɗi daidai. Tada komaɗa kowa ya san shi, har tsohuwa a cikin gida.

Mai Nahawu:
Karin magana ne, ba kalmar fannu ba. Yaya za ku kira mai yin aikin? Mai tada komaɗa? Sai a ɗauka maƙeri ne.

Bahaushen Kusugu:
Gara maƙeri da ma'asalci.

'Yar Rafindadi:
Na gode ƙwarai, lokaci ya ƙure. Ga abin da zan karanta: kwaskwarima ga "renovation", tada komaɗar unguwa idan ana maganar unguwa baki ɗaya, maido da gini asalinsa idan gini guda ne. Asaltawa zan ambace ta sau ɗaya in ce shawara ce, mu ji ko masu saurare za su karɓa. Na ukun fa, "conservation"? Babu wanda ya taɓa shi.

Malamar Zanen Gini:
Alkintawa. Adanawa ta fi dacewa da abin da ake kullewa a ɗaki, gidan da mutane ke kwana a ciki kuwa alkinta shi ake, a duba yaɓe da indararo kafin kowace damina.

Ɗan Ƙofar Soro:
Ni "kiyayewa" ta fi kwanta mani, amma sa alkintawa tukuna.

Mai Nahawu:
"Maido da gini asalinsa" kalma huɗu ce a wurin ɗaya, kuma asalin da aka ƙi yana nan zaune a cikinta. Na haƙura don shirin gobe kawai.

Bahaushen Kusugu:
A cikin jimla na yarda da shi, Malam. Wutsiyar ce ban yarda da ita ba.