Sayen makamai, gina masana'anta, ko kula da soja: da wanne gwamnati za ta fara?

Umma Ɗaliba:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. A taronsu na birnin Hague na ƙasar Holan a watan Yunin 2025, ƙasashen ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO sun amince za su ɗaga kuɗin tsaro zuwa kashi 5 cikin 100 na arzikin da suke samarwa duk shekara nan da 2035, alhali a 2014 kashi 2 suka yi alkawari, kuma da yawansu ba su cika ba sai da yaƙin Yukiren ya taso. To su dai masu hali ne. Ƙasar da aljihunta bai kai nasu ba fa, kuma ga barazana a ƙofa? Ta sayi jirage da tankoki daga waje ne, ko ta daure ta gina masana'antarta, ko ta fara gyara rayuwar sojan da ke hannunta? Don Allah masu sani a taimaka mini.

Tsohon Kanike:

Wa alaikumus salam 'yata. Ni ban yi karatun tsara manufofi ba, gyaran jiragen soja na yi har na ajiye aiki, don haka daga ƙarƙashin fiffike zan ba ki amsa.

Adadin jiragen da ke rubuce a takarda daban, adadin da zai iya tashi gobe da asuba daban. Na ga jirgi lafiyayye, injinsa garau, an lulluɓe shi da tamfol wata da watanni saboda wata 'yar roba da ke hana man birki yoyo. Sai a rubuta takarda, ta zaga ofisoshi, ta isa kamfanin da ya ƙera jirgin a ƙetare, su kuma su ce sai gwamnatinsu ta sa hannu kafin su aiko. Aiki kuma ba ya jira. Sai mu kwance robar wani jirgin mu ɗaura wa wannan. Wanda aka kwance wa ɗin, mako mai zuwa a cire masa famfo, bayan nan rediyo, daga baya taya, har ya zama ƙwarangwal tsuntsaye na sheƙa a cikinsa. A littafi kuwa yana nan, ana ƙirga shi cikin ƙarfin rundunar.

Shi ya sa ni a wurina abu na farko shi ne a raya abin da aka riga aka saya: kayan gyara, mai, harsashi, da kanikawan da suka san hannunsu. Matsalar ita ce babu ɗan siyasar da zai yanke ƙyalle a gaban kyamara don an cika sito da fatun birki. Sabon jirgi shi ke shiga labarai.

Dubi Afganistan. Amurka ta ba su jirage masu saukar ungulu samfurin Black Hawk a maimakon Mi-17 na Rasha da kanikawansu suka saba da shi. Gyaran sababbin kusan duk a hannun 'yan kwangilar waje yake. Da Amurka ta fara janyewa a 2021 'yan kwangilar suka bi ta, jirage suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya, sojojin da ke sansanoni masu nisa suka rasa mai kai musu abinci da albarusai. Ranar 15 ga Agusta Kabul ta faɗi. Ba wannan kaɗai ya kayar da su ba, amma yana cikin manyan dalilai.

Su ma masu kuɗin ba su tsira ba. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta yi wa Yukiren alkawarin harsasan igwa miliyan ɗaya cikin shekara guda. Wa'adin ya cika da kusan rabi kawai a hannu, domin masana'antunsu sun daɗe da rage aiki tun ƙarshen yaƙin cacar baka. Ita Rasha, da duk girman masana'antunta, sai da ta nemi harsasai a Koriya ta Arewa da jirage marasa matuƙa a Iran. Kuɗi na iya fitowa dare ɗaya, kamar yadda Jamus ta ware yuro biliyan 100 a Fabrairun 2022, amma masana'antar albarushi da ƙwararrun da za su riƙe ta shekaru suke ɗauka.

Injiniya Bala:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ni ina ganin labarin robar nan taka hujja ce ta masu cewa a gina masana'anta. Me ya sa sai wata gwamnati ta sa hannu kafin jirginka ya tashi? Ai zanen aro ba ya rufe katara.

A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Ajantina tana da makamai masu linzami na Exocet guda 5 kacal irin waɗanda ake harbawa daga jirgin sama. Da ɗaya daga ciki ta halaka jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Sheffield. Sauran da ta yi oda kuwa Faransa ta hana, saboda ta goyi bayan Birtaniya. Ranar da ka fi bukatar mai sayar maka, ranar yake tuna cewa yana da wasu abokai.

Turkiyya ta ɗanɗana irin wannan. Bayan ta shiga Saifurus a 1974, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978. A 1975 ɗin aka kafa Aselsan, kamfanin Turkiyya na ƙera na'urorin soja, kuma da rediyon sadarwa na soja ya fara. Yau kowa ya san jirgi marar matuƙi Bayraktar TB2 na kamfanin Baykar na Turkiyya, wanda ya yi suna a yaƙin Azabaijan da Armeniya a 2020. A 2020 ɗin Kanada ta dakatar da sayar musu da kyamarar da ake ɗaura wa jirgin, sai suka koma ga wadda Aselsan ya ƙera. Da a ce a 1975 sun tsaya ga sayen kayan gyara kawai, da wa za su koma?

Malama Hauwa:

Ku duka kuna ta maganar ƙarfe, an manta da mai riƙe shi. Sojojin Iraƙi ba su rasa kayan Amurka ba lokacin da Mosul ta faɗa hannun ISIS a Yunin 2014, barin motoci da makamai suka yi suka tafi. Kafin ƙarshen shekarar Firaminista Haider al-Abadi ya bayyana cewa an gano sojojin bogi 50,000 da ake biyan albashi. Ƙanwata Umma, duk kasafin da ba a bin diddiginsa, ko ninka shi aka yi rami ɗaya zai faɗa. Kuma sojan da bai ga alawus ɗinsa ba, wanda ya san in ya faɗi iyalinsa za su yi ta yawon ofisoshi, kada a yi mamakin abin da zai yi ranar da wuta ta yi wuta.

Tsohon Kanike:

Malama, wannan ba musu. Kanike ma mutum ne: a kashe shekaru ana horar da shi, in ya ƙware kamfanin jiragen fasinja ya ɗauke shi da albashin da ya fi, a koma neman sabon yaro.

Injiniya, ɗana, ban ƙi masana'anta ba. Abin da nake tsoro shi ne a fara ta daga sama. Kai da bakinka ka ce da rediyo Aselsan ya fara, kuma tsakanin kafa shi da tashin TB2 na farko a 2014 kusan shekara 40 ne. Indiya ta ƙaddamar da shirin jirgin yaƙinta na Tejas a 1983, ya yi tashin farko a 2001, bai shiga aikin runduna ba sai 2016, kuma har yanzu injin Amurka ne a cikinsa. Indiya ke nan, mai tarin injiniyoyi. Ƙaramar ƙasa in ta ce da jirgin yaƙi za ta fara, sai dai a ƙera guda ɗaya a yi masa fenti a fito da shi ranar fareti.

A fara da abin da ke ƙarewa kullum: harsashi, batir, taya, takalmi, rigar sulke, ƙananan jirage marasa matuƙa, da wurin yi wa injuna garambawul a gida. Sannan gwamnati ta ɗaure kanta da sayen kayan shekara bayan shekara, domin masana'antar da ake ba oda bana a manta da ita baɗi ba ta riƙe ma'aikaci. Koriya ta Kudu ba ta taɓa barin layukan ƙirarta su yi sanyi ba saboda barazanar maƙwabciyarta Koriya ta Arewa. Shi ya sa da Foland ta ƙulla cinikin tankokin K2 da igwogin K9 da ita a 2022, kashin farko ya isa kafin shekarar ta ƙare.

Abin da ba za a iya ƙerawa ba kuma a saya, ba abin kunya ba ne. Amma a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a kawo kayan gyara na shekaru, a ba da littattafan gyara, a horar da kanikawan gida. Kuma a rage tara samfura barkatai, wannan na Rasha, wancan na Sin, ga na Amurka, kowanne da nasa sifana da nasa mai. Wannan kaɗai ya isa ya tsufar da mai kula da sito.

Umma Ɗaliba:

Na gode ƙwarai. Baba, to mu da ke waje, tunda komai ana cewa sirrin tsaro ne, ta yaya za mu gane ko gwamnati na yin abin da ya dace?

Tsohon Kanike:

Ba komai ne sirri ba 'yata. Ki buɗe kasafin, ki duba nawa aka ware wa sababbin sayayya, nawa aka ware wa gyara, mai da atisaye. 'Yan kwamitin tsaro na majalisa kuma suna da ikon tambaya, ko da a zaman sirri ne: cikin jiragen da aka saya nawa ke tashi yau, awa nawa matuƙi ke yi a sama a shekara, kuma albarusan da ke sito kwana nawa za su kai in faɗa ya yi tsanani. In kin samu wakilinki, waɗannan ukun za ki ce ya tambayo.