Muhawara: Shin Sandar Ƙarfe da Sifirin Mai Tauri Suna Ƙara wa Mota Riƙon Hanya a Kaduna?

Mai Corolla: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Makonni uku ke nan da na sa aka ɗaura wa motata Corolla ƙirar 2008 sandar ƙarfe a ƙarƙashin bonet, wadda ta haɗa kan shokar dama da kan ta hagu, kuma a ranar aka sauya mini shoka huɗu da bushin, aka sa gajerun sifirin masu tauri da suka sauke motar ƙasa kaɗan. Tun daga lokacin, ko a shataletale ko a kan gadar Kawo, motar ba ta kwanciya gefe idan na sha kwana, sitiyari kuma yana amsawa nan take. Ra'ayina shi ne shasin irin waɗannan motoci yana lanƙwasa, sandar ce maganinsa, kuma duk mai son motarsa ta riƙe hanya ya kamata ya yi wannan aiki.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya tsare hanya, amma ka sha magani huɗu a zama ɗaya, sannan ka zo kana yabon guda ɗaya. Motar da ta haura shekara goma sha biyar, wadda ta yi aikinta a waje kafin ta shigo mana ta Kwatano, da wuya a sami shokarta da sauran ƙarfi. Aikin shoka shi ne ta hana sifirin yin ta tsalle bayan taya ta taka rami, kuma idan man da ke cikinta ya zube, ko robar bushin ta tsage, dole mota ta riƙa lilo a kwana. Duk wanda aka sauya masa waɗannan biyun zai ji motarsa ta koma sabuwa, ko da ba a ɗaura masa ko allura ba.

Injiniya: Oga, na yarda da kai, sai dai kada mu mayar da sandar abin banza. Ƙafar gaban Corolla irin tsarin nan ne da ake kira MacPherson, wanda aka laƙaba wa sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. A wannan tsari shoka da sifirin haɗe suke, kuma samansu a jikin mota yake ɗaure, saboda haka wani kaso na ƙarfin da kwana ke haifarwa yana hawa har kan ƙarfen da ke gefen injin, ya motsa shi ɗan kaɗan. Sandar tana haɗa gefen biyu domin su raba nauyin, shi ya sa kamfanin Nissan ya fitar da motarsa ƙirar 350Z da irin wannan sanda tun daga masana'anta. Amma abu biyu ne Alhaji bai faɗa ba. Motsin da ake magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai, ba ya bayyana sai an matsa wa mota a kwana da gudun da ba shi da muhalli a titin Ahmadu Bello. Sannan ba kowace mota ce ke amfana ba, domin Honda Accord ta 1986 zuwa 2012 hannuwa biyu ne ke riƙe kowace tayarta ta gaba, sama da ƙasa, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan wannan ƙarfi, don haka tasirin sandar a kanta ya fi ƙanƙanta.

Baba Direba: Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekaru ina jan Fijo 504 tsakanin Kaduna da Kano, irin wadda aka fara haɗawa a Kakuri a 1975, kuma ba taurin ƙafa ne ya sa ta yi suna ba, laushi ne da tsawon tafiyar sifirinta. Idan ta shiga gargada, tayoyinta suna bin ƙasa suna sauka cikin kowane rami su fito, jikin motar kuma yana tafiya sumul. A wannan shekarar ma 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya, a kan hanyoyin ƙasa da laka. Taya ba ta riƙe hanya sai tana taɓa ta, kuma mota mai taurin ƙafa idan ta taka gargada a tsakiyar kwana tsalle take yi, a wannan ɗan lokacin kuwa babu sitiyari babu birki. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ya san abin da nake nufi.

Mai Corolla: Baba, Allah ya ƙara girma, amma motar da ta ci tsere ba irin wadda kuke ɗaukar fasinja da ita ba ce, an ƙarfafa jikinta kafin a shiga da ita. Ni kuma zirga-zirgata cikin gari ce da hanyar Abuja, kuma da jikina na ji cewa motar ta daina kwanciya.

Injiniya: Alhaji, rashin kwanciya daban, riƙon hanya daban, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gajeren sifirin mai tauri ne ya rage maka kwanciyar, ba sandar sama ba, kuma akwai abin da ka biya a madadinsa, domin tazarar da ta rage tsakanin ƙasan injinka da tudun rage gudu ta ragu, shoka kuma tana saurin kaiwa ƙarshenta a rami. Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙara kaurin stabiliza, wato sandar ƙasa da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage kwanciyar mota a kwana, ba tare da lissafi ba. Idan aka taurara ta gaba fiye da kima, mota tana ƙin juyawa, ka murɗa sitiyari ita kuma ta nufi gaba. Idan ta baya aka taurara, bayan motar ne zai nemi wuce gabanta, musamman a kan jiƙaƙƙen titi da damina, wannan kuwa ya fi haɗari ga direban da bai saba ba. Kamfanoni da gangan suke barin motar iyali ta karkata ga hali na farko, saboda da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur takan dawo hanya. Kuma ina fata an yi maka alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, bayan an sauke motar, domin saukewar tana sauya tsayuwar taya, ta riƙa cinye ta ta ciki.

Hajiya: Ni abin da ya faru da mu zan faɗa. Maigidana ya sa wani mai walda ya liƙa wa motarmu irin wannan sanda, kuma bayan 'yan watanni wata mota ta buge mu ta gefen dama a mahaɗar hanya. Bugun bai yi tsanani ba, amma mai gyaran jiki ya nuna mana cewa sandar ta tura kan shokar hagu ita ma ta goce, sai muka biya kuɗin gyaran gefe biyu.

Mai Walda: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, amma wannan kuskuren aiki ne. Mu a Panteka idan aka kawo mana irin wannan, faranti muke yankawa daidai da ramukan notin kan shoka, mu haɗa shi da bututu mai kauri a kan benci, sannan a ɗaure da noti yadda za a iya kwancewa. Ba a kunna walda a jikin motar zamani da batir a haɗe, domin ana iya ƙona kwamfutarta. Sandunan kasuwa masu ƙyalli, waɗanda ke da gaɓa mai motsi a kowane ƙarshe, su ne ban ga amfaninsu ba, tunda abin da aka sa domin ya hana motsi shi kansa yana motsawa.

Oga Bakanike: Ko da noti aka ɗaure, Malam, bugun gefe zai iya bi ta cikinta ya ƙetara. Alhaji, ga shawara mai sauƙi. Ka kawo motar ranar Asabar, ka zauna a waje, ni kuma in rufe bonet ba tare da ka san ko sandar tana ciki ko na cire ta ba, mu zagaya hanya guda sau huɗu da gudun da doka ta yarda, kowane zagaye ka faɗa mini abin da ka ji. Kafin nan ka duba lambobi huɗun nan da ke gefen tayoyinka, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su.

Mai Corolla: Na amince, Oga, zan zo bayan sallar Azahar. Na fita na duba yanzu, tayoyin gaba 2317 aka rubuta, na baya kuma sai na samo tocila. Alaimen ɗin ma ba a yi ba, sai a haɗa da shi ranar.