Hoto a ƙarƙashin ruwan laka: ko leza zai taimaka?

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum. Masana, ana son ɗaukar hoton kwalekwalen da ya nutse a kogin Neja nan Yauri, zurfin kamar mita 4. Da an kunna fitilar kyamara sai allon ya yi fari fat. Koren leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, zai magance wannan?

Injiniya BK: Wa alaikumus salam, Malam. Lakar da ke yawo cikin ruwan ce ke maido da hasken cikin idon kyamara, kamar ka kunna babbar fitilar mota cikin ƙurar hunturu. Ƙara ƙarfin haske ƙara farin yake yi, ko na leza ne. Abin da ke aiki shi ne leza mai walƙiya, na nanomita 532 (ma'aunin da ke nuna koren haske ne), haɗe da kyamara mai buɗe ido a ƙayyadadden lokaci. Haske na cin kimanin santimita 22 a nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) cikin ruwa. In kwalekwalen na nesa da kyamara mita ɗaya da rabi, zuwa da dawowa mita 3 ke nan, wajen nanosakan 13. Sai kyamara ta rufe ido har lokacin ya cika, hasken da laka ta kusa ta maido ya wuce, sannan ta buɗe. In saitin ya kuskure kaɗan, ba za ka ga kwalekwalen ba. Kuma tana da tsada ƙwarai.

Mai Nutso: Yallabai ya yi gaskiya, amma a fara da mai sauƙi. Raba fitila da kyamara: ɗaura ta a sanda mai tsawon rabin mita zuwa mita, ta haska daga gefe. Sannan a haɗa akwatin roba mai kama da gilashi, a cika shi da ruwan famfo, a manna gabansa jikin katakon, kyamara na leƙe ta baya. Kar a taɓa ƙasa, laka na tashi aiki ya tsaya.

Injiniya BK: Haka ne. Ita ma mai lezan ninki biyu zuwa uku take ƙarawa kan nisan gani, ba ƙari. In santimita 30 ake gani yanzu, da ƙyar ta kai mita. Wurin gano inda kwalekwalen yake, na'urar sona mai gano abu da sauti ta fi, don sauti bai damu da laka ba. In ba gaggawa, a jira Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan da ya taso daga Gini ke isowa, ya fi na damina haske nesa ba kusa ba. Kuma don Allah kowa a jirgin masu aikin ya sa tabarau na kariya daga leza, koren nan na ƙona ido.