Masu karatun Fiziks, yaya kuka kwashe da darasin haske?

Sadiya_Kabuga:
Assalamu alaikum. Ina aji ɗaya a jami'a, saura mako uku mu fara jarrabawa, ni kuwa darasin haske ya tsaya mini a wuya. Lokacin da muke kan madubi da gilashi ina ganewa daidai gwargwado: a ja layi, a auna kusurwa, a sa a ƙa'ida. Kwatsam sai malam ya shigo ya ce mu ajiye batun layi, haske taguwa ce, irin taguwar ruwa, wai har haske biyu na iya haɗuwa su haifar da duhu. Tun ranar nake kwafar allo kawai. Waɗanda suka wuce wannan matakin, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ke har kin kai taguwa, ni tun a firatikal ɗin WAEC aka kayar da ni. An ba mu dunƙulen gilashi mai kusurwa huɗu, da fil huɗu, da katakon zane. Ka soka fil biyu a gefe ɗaya, ka leƙa ta ɗaya gefen, ka soka sauran biyun yadda duka huɗun za su ɓuya a bayan juna. Ni sai na matse fil ɗina kusa da kusa, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba, ina ganin hakan ya fi tsafta. Da na ja layi ya karkace, lissafina na lambar tanƙwarar gilashin, wato ma'aunin yadda yake tanƙwara haske, ya ba ni 1.9 maimakon wajen 1.5. Daga baya na gane in fil suna kusa, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba sai ya zama digiri da yawa. A bar aƙalla santimita 5 a tsakani, a rufe ido ɗaya, a dubi gindin fil ba kansa ba, don kan yakan langaɓe.

Malam Iro:
Ɗan Kurmi, ka tuna mini da ɗalibaina. Shekara 14 ke nan ina koyar da Fiziks a sakandare, kuma kafin in rubuta ƙa'idar Snell, wato ƙa'idar tanƙwarar haske, a allo sai na sa an ɗauko bokiti. In jefa kwabo a ciki, yaro ya ja baya har bakin bokitin ya tare masa kwabon, sannan wani ya riƙa zuba ruwa a hankali. Sai ka ji ya yi ihu, "Malam ga shi nan ya taso!" Kwabo bai motsa ba. Hasken da ya baro shi ne ya tanƙwara da ya fito daga ruwa zuwa iska. Shi ya sa randa mai ruwa zurfin santimita 60, in ka leƙa daga sama sai ka ga kamar 45 ce, wato kashi uku cikin huɗu, domin lambar tanƙwarar ruwa 1.33 ce. Ta gilashi wajen 1.5, ta lu'u-lu'u 2.42.

Wani abin da nake gaya musu: ƙa'idar da ake jingina wa Snell ɗan Holan a 1621, Ibn Sahl ya riga ya zana ta a Bagadaza a 984, cikin rubutunsa kan madubai da gilasan da ke tara rana su kunna wuta. Bayansa Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir, ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da shi ba. In na ambaci sunayen nan har 'yan bencin baya sukan ɗago kai.

Laouali Maradi:
Mu a Nijar Snell-Descartes muke ce mata, tun da da Faransanci muka yi. Abin da ya ba ni wuya shi ne alamar ɗebewa da tarawa. A lise, wato babbar sakandare, an koya mana auna komai daga tsakiyar gilashi, abin da ke hagu ya ɗauki ɗebewa. Da na zo karatu Najeriya sai na tarar da littafin da ke cewa duk abin da yake na zahiri tarawa ne, hoton da ba ya sauka a kan allo shi ke ɗaukar ɗebewa. Na haɗa biyun a gwaji ɗaya, hoton da ya kamata ya fito a bayan gilashi ya dawo gabansa. Uku bisa ashirin na samu. Ki zaɓi tsari ɗaya, ki rubuta shi a saman takarda kafin ki taɓa kalkuleta.

Sadiya_Kabuga:
Na gode Yaya Laouali, wannan ma ta taɓa cizona. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo mini duhun nan da haske biyu ke haifarwa.

Injiniya Bilki:
Ƙanwata, bari in ba ki labarin yadda tawa ta warware. Ni ma na haddace gwajin Thomas Young na farkon ƙarni na 19, tsaga biyu da ratsin haske da duhu, ba tare da na yarda da shi a zuciyata ba. Wani dare an ɗauke wuta, ƙanena yana wasa da 'yar lezar nan ja ta jikin maƙalin makulli. Na karɓe, na tsinke gashin kaina sili ɗaya, na manne shi da salatif a bakin lezar, na haska bango daga nisan mita 3. Na zaci zan ga ɗigo ja da siririyar inuwa a tsakiya. Abin da na gani jerin ɗige-ɗige ne sun miƙe hagu da dama, haske, duhu, haske, duhu, suna dusashewa a hankali. Na ɗauko rula, tsakanin duhu da duhu wajen santimita biyu da rabi. Zangon jar leza, wato tazarar tudu zuwa tudu na taguwarta, kusan nanomita 650 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Na ninka shi da mita 3, na raba da mita 0.025, wato santimita biyu da rabin nan, sai ga kaurin gashina ya fito kusan milimita 0.08. Da rular 'yan firamare na auna silin gashi!

Ga yadda nake fahimtar duhun. Ki jefa tsakuwa biyu a kududdufi lokaci ɗaya. Inda tudun wannan taguwa ya haɗu da tudun waccan, ruwa zai yi sama sosai. Inda tudu ya haɗu da kwari, sai su kashe juna, wurin ya kwanta lif. Hasken da ya bi ta wannan gefen gashi da wanda ya bi ta wancan, tafiyarsu zuwa bango ba ɗaya ba ce. In bambancin ya sa tudu ya faɗa kan kwari, wurin ya yi duhu. Hasken bai ɓata ba, can ya taru a ɗigon da ke kusa.

Kuma malaminku bai ce layin da kika koya ƙarya ba ne. Zangon hasken da ido ke gani tsakanin nanomita 400 da 700 yake. Taga ko gilashin tabarau sun ninka wannan sau dubbai, don haka layi ya wadatar. Sai abu ya sirance kamar gashi sannan halin taguwa ke fitowa fili. Kada dai ki haska lezar a idon kowa.

Bakanike Auwalu:
Ni ban wuce aji uku na sakandare ba, amma ina bin zancen nan. Kullum in aka yi ruwa, inda baƙin mai ya zuba a garejinmu sai ya yi kala-kala kamar bakan gizo. Shi ma wannan ne?

Injiniya Bilki:
Shi ne, Malam Auwalu. Man ya shimfiɗu siriri a kan ruwa, wani haske ya dawo daga samansa, wani daga ƙasansa. Gwargwadon kaurin man a kowane wuri, wata kala ta mutu, wata ta ƙarfafa. Bakan gizo kuwa hanyarsa daban, ɗigon ruwa ne ke tanƙwara kowace kala da kusurwarta.

Malam Iro:
Sadiya, in akwai tabarau na karatu a gidanku, duba jikin hannunsa. In an rubuta +2.00, ki fita rana ki tara haskenta a kan takarda, za ki ga ya dunƙule a wajen santimita 50. Ɗaya bisa biyu na mita ke nan. Ki ɗan yi hanzari kafin takardar ta fara hayaƙi.

Sadiya_Kabuga:
Na gwada na gashin yanzun nan da lezar maƙwabcinmu. Da farko ba abin da ya fito, ashe silin ya goce daga bakin. Da na gyara sai ga su, na ƙirga bakwai a dama, shida a hagu. Nawa tazarar santimita 3 ce daga mita 3, ya ba ni milimita 0.065. Anti Bilki, ke nan gashina ya fi naki siranta? Na tabarau sai gobe, Baba ya ce ba mai taɓa masa shi da daddare.