Don Allah a ba ni shawara, karena ya dawo da ƙafa a rataye

Autan Inna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya san kan dabbobi ya taimaka min don Allah, raina a dagule yake. Ina wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Ina da kare sunansa Barsu. Ba saye na yi ba, kawuna marigayi ne ya ba ni shi yana kwikwiyo, uwarsa karyar farauta ce irin dogayen nan masu shafaffen ciki. Da farko Baba ya rantse ba zai kwana masa a gida ba, sai a bayan danga na kafa masa 'yar rumfa da zana. Abin da ya sa Baba ya sassauto shi ne shekarar da ɓarayi suka addabi unguwarmu, har suka kwance wa maƙwabcinmu tunkiya da 'ya'yanta, mu kuwa ko akuya ba a taɓa mana ba saboda haushinsa. Tun daga nan Inna ke tara masa ƙanzo da ragowar tuwo. Baba har yau ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "abin nan naka". Maƙwabcin kuma tun lokacin ba ma ga maciji da shi, wai karena ya ci masa kaza, alhali kowa ya san shaho ne.

Yanzu mun yanke gero, dammuna suna gona ba mu gama kwasowa ba, shi ke kwana can. Shekaranjiya da asuba sai ga shi yana tafe da ƙafa uku, ɗayar a rataye. Na yi masa 'yan dabaru irin na gida amma kumburin ƙaruwa yake, jiya ko kallon tuwo bai yi ba. Baba ya ce in kai shi bayan gari in bar wa Allah. Ni wallahi ba zan iya ba. Yaya zan yi?

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam. Ka ba mu tarihin kaza da tunkiya, ba ka faɗi wace ƙafa ba. Ta gaba ce ko ta baya? Akwai ciwo a buɗe?

Sarkin Baka: Ɗana kwantar da hankalinka. Ina farauta tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, karnukan da na ɗora wa ƙafa ba su ƙirguwa. Karaya ce, ba sai na gani ba. Sami ƙarti biyu su danne shi, ka ja ƙafar har ka ji ƙashi ya koma gurbinsa, ka shafa man shanu da ɗumi, ka jera karan dawa ka ɗaure tamau da tsumma. Kada ka kwance sai bayan sati biyu. In da ciwo, daka bagaruwa ka barbaɗa. Sauran aikin shi zai yi da harshensa, yawun kare magani ne.

Autan Inna: Na gode Baba, Allah ya ja kwana. Ta baya ce ta hagu. Ciwo akwai, ya zagaye ƙafar sama da dungu kamar an ɗaure da waya. Ni dai ina zargin maƙwabcin nan ne ya kafa masa tarko.

Maman Iman: Ni duk maganar kare ba na son ji. Bara karen wani gida ya ciji ɗana a hanyar islamiyya, mai karen ko sannu bai zo ya yi mana ba. Muka je asibiti aka ce babu allurar riga-kafin cizon kare, sai da muka shiga birni muka saya da kuɗinmu, kuma ba guda ɗaya ake yi ba, sai an yi ta komawa. Akuyata na sayar. Ku masu karnuka ba ku san halin da kuke jefa mutane ba. Yau naka ya ji ciwo kana neman taimakon duniya.

Autan Inna: Allah ya ba shi lafiya Maman Iman, amma nawa bai taɓa cizon kowa ba.

Mai Allurar Shanu: Ƙanena, aikina ke nan, bari in yi maka dalla-dalla. Baba Sarkin Baka, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam zan saɓa maka. Ciwon da ya zagaye ƙafa alamar tarkon waya ne, kuma sau da yawa irin wannan ba karaya ba ce, waya ce ta yanke fata da nama, wani lokaci har jijiya. Wayar ma takan nutse cikin kumburi ba a ganinta. In ka ɗaure tamau a kan wannan, ka ƙarasa abin da tarkon ya fara, jini ba zai kai yatsu ba, ƙafar ta ruɓe.

Kafin ka taɓa shi ka ɗaure masa baki da tsumma mai faɗi, ka zagayo ta bayan kunnuwa ka ƙulle. Kare mai jin zafi ba ya sanin ubangidansa. Ka aske gashin gefen ciwon da almakashi, ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in ya huce ka yi ta kwarara wa ciwon har ka ga jan nama. Ka duba da kyau ko akwai ragowar waya. Safe da yamma za ka riƙa yi. Yanzu ƙarshen damina ne, ƙuda ya yi yawa, in ya yi ƙwai a ciki tsutsa ba ta ɗaukar lokaci. Ka rufe da tsumma mai tsabta sako-sako, yadda yatsanka zai shiga ƙarƙashi. Ka riƙa taɓa yatsun ƙafar: in sun yi sanyi, ko sun kumbura sun buɗe, ko ka ji wari, ɗaurin ya matse ko ƙafar ta fara mutuwa. Lasa kuma hana ciwo rufewa take yi.

Ko da karayar ce, ba kowace ake ɗora wa kara ba. Ta ƙasa da gwiwa ana iya tallafe ta, ta cinya kuwa kara ba ya riƙe ta, nauyi kawai yake ƙara mata. Babban kare ƙashinsa yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya haɗe, ba sati biyu ba. To wai waɗanne dabaru ne ka ce ka yi masa?

Autan Inna: Na shafa masa baƙin mai don ƙuda, sai na ba shi ƙwayar ciwon jiki ta Baba, diclofenac, a cikin fura.

Mai Allurar Shanu: Innalillahi. Ka daina yanzu. Diclofenac da ibuprofen suna cinye wa kare tumbi, suna kashe ƙoda, paracetamol ma in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Ƙin cin abincin nan zai iya zama daga nan ne. Ka duba kashinsa, in ya yi baƙi ƙirin ko yana amai, jini ne yake zuba a ciki. Baƙin man kuma ka wanke shi da sabulu a gefe-gefe, yana ƙona nama, kuma lashe shi yake yi.

Autan Inna: Yaya rabi fa kawai nake ba shi, kuma sai da na ba shi ya samu barci. Baƙin mai kuwa shi muke sa wa jakinmu tun ina yaro, bai taɓa yin komai ba.

Sarkin Baka: Ka ji yaro ya faɗi gaskiya. Mu da baƙin mai da bagaruwa muka rayu a dawa, ba mu san wani rabin lita ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina da wata karya da gyado ya farke wa cinya, da zaren buhu na ɗinke ta a gindin kuka, ta yi shekaru tana kama zomo. Ku 'yan boko komai sai ku ce asibiti. A yi ɗori kawai.

Baban Khalifa: Mutane na kwance babu kuɗin magani, mu muna nan muna taron kare. Ni matata ta haihu da daddare a amalanke muka ɗauke ta saboda hanyarmu ta yanke tun farkon damina, ba wanda ya waiwaye mu. Kuma dai abin nan najasa ne, kana ta shafa shi kana zuwa masallaci.

Malam na Zaure: Baban Khalifa, Allah ya raya abin da aka samu, amma a yi hattara da fatawa. Karen gadin gona da na kiwo da na farauta shari'a ta yarda a riƙe su. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. Kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim game da mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ci moriyar dabba tana da lafiya, jinyarta tana wuyansa. Sai dai ka lallaɓa mahaifinka, kada ka yi masa gardama.

Baban Khalifa: Malam ai wasu malaman sun ce najasa ne, har da ƙasa ake wankewa.

Malam na Zaure: Shafi'iyya da Hanbaliyya ke nan. Saɓani ne sananne, ba a nan za mu ƙare shi ba.

Ɗan Gumel: Ka kai shi asibitin dabbobi mana. Akwai a Dutse, a Kano ma akwai na Gwale.

Autan Inna: Wane direba ne zai ɗauki kare a motar haya? Na tambayi mai babur ɗin garinmu ya ce ko nawa zan ba shi ba zai ɗauka ba. Ga shi ban sayar da komai ba tukuna, riɗina bai bushe ba.

Mai Allurar Shanu: Ba sai ka kai shi ba. Ranar kasuwa ka je kara, wajen masu shanu, ba a rasa malamin dabbobi a can. Ka nuna masa hoton ciwon a waya ka roƙe shi ya biyo ka, ciwo irin wannan yana son allurar kashe ƙwayoyin cuta daidai nauyin karen. Kada ka sayi ta shanu ka yi masa da ka. In ma ƙafar ta mutu aka cire, kare yana rayuwa da uku, har gadi yana yi. Tambaya ɗaya: an taɓa yi masa riga-kafin ciwon hauka? Tun yana wata uku ake farawa, a riƙa sabuntawa duk shekara, a Vom ta Jihar Filato ma ana sarrafa allurar. Karen da ke kwana a gona ba ka san da me ya haɗu ba.

Autan Inna: Lafiyarsa ƙalau ta wannan fannin, yana gane ni yana kaɗa min jela. Ko da ƙanena ya riƙe min shi ina shafa man, haƙori kawai ya ɗan karce shi a hannu, ba cizo ba ne, jinin ma kaɗan ne.

Maman Iman: Ka ji ko! Kai da ka ce bai taɓa cizon kowa ba.

Mai Allurar Shanu: Ajiye maganar ƙafa tukuna. Haƙori ya fasa fata har jini ya fito, cizo ne. A wanke hannun yaron da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ko da an makara, a kai shi asibiti yau a faɗa musu kare ne wanda ba a yi wa riga-kafi ba. Ciwon haukan nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum babu magani. Karen kuma a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, kada a kai shi bayan gari, kada a kashe shi, don da shi za a gane. Iyayenku sun sani?

Sarkin Baka: Tsoratarwa ce kawai. Mahaukatan karnukan da na gani ba su ɓuya ba, dalala suke yi suna cizon ice. Hannuna duk tabon haƙori ne ga ni ina shan furata. Ɗana, in ba ka iya ɗorin ba ka nemi maɗorin garinku, ka ce ni na aiko ka.

Autan Inna: In Baba ya ji maganar hannun nan, yau ɗin nan zai sa a fitar da shi. Yaron ma yana can yana wasansa. Maɗorinmu kuma ya ce shi ba ya taɓa kare. Yanzu dai ruwan gishirin zan fara ko bagaruwar? Ko in haɗa duka?

Mai Allurar Shanu: Na tambaye ka, an kai yaron?

Ɗan Babura: Salamu alaikum, tunda ga masana a kusa, akuyata ce take zawo tun da ta ci sabon harawa, me zan ba ta?