Taƙaitawa: ajiye jelifish a ɗakin tsofaffi

An tattauna kan ko ya dace a ajiye jelifish, wata halittar teku mai taushin jiki, a tanki a ɗakin tsofaffi don su riƙa kallo. Na tattaro abin da aka faɗa, ga shi a gajarce.

1. Kowa ya yarda nau'in Aurelia aurita, mai kama da farin wata, ya fi sauƙin kiwo, kuma harbinsa ba ya yi wa yawancin mutane komai.

2. Akwatin kifi mai kusurwa bai dace ba. Sai tanki zagayayye da ruwa ke kewayawa a hankali, domin jelifish ba shi da ƙarfin iyo. Ya maƙale a lungu, ya yage. Kumfar iska ma na huda jikinsa.

3. Ruwan gishiri, kimanin giram 35 a lita, a riƙa canza kaɗan duk mako. Abinci kullum, ƙananan jatan lande da ake ƙyanƙyashewa a gida. Wannan aikin jikoki ne. Kaka kallo ne nata.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce motsinsa a hankali na kwantar da hankalin mai ruɗewar tsufa. Wasu suka tuna cewa binciken jami'ar Purdue na 2002, inda masu cutar mantuwa suka ƙara cin abinci, da kifaye aka yi shi. Ni dai ina ganin na biyun suna da hujja.

5. Jelifish yakan yi kusan shekara ɗaya ya mutu. Wasu sun ce a sauya a ɓoye, wasu suka ce tsoho ba yaro ba ne, a gaya masa.

6. Masu zama Kano da Zinder sun kawo batun zafi da ɗauke wuta. Famfon da ke juya ruwan ya tsaya, sai jelifish ya nutse ƙasa. Wanda ba shi da sola, ƙananan kifayen ruwan daɗi sun fi masa.